Ranar da Shayi Ya Ƙi Hucewa

Ba na son a ce mini, "Allah sarki Malam, mutumin kirki." Duk wanda ya faɗi haka a gabana a sashenmu, ji nake kamar in kwaɗa masa rajista a ka. Mutumin kirki ne mana, wa ya ce a'a? Amma shekara ashirin da bakwai yana ɗauke da ajin da kowa yake gudu, babu wanda ya taɓa leƙowa ya ce masa sannu da aiki, sai da ya tafi bakin kowa ya buɗe. Ni dai zan faɗi abin da na sani game da shi, har da wurin da na yi masa ɓarna, don kuwa na yi.

Ni malamar ƙididdiga ce a sashen lissafi na jami'armu. Shekara goma sha ɗaya muna ofis ɗaya da Malam, teburina yana kallon nasa. Fanka ɗaya ce a samanmu, mai kuka kamar tsohuwar keken ɗinki, ga wata durowa a lungu cike da takardun jarrabawar mutanen da yanzu wasunsu har sun aurar da 'ya'ya. Kafin in zama abokiyar aikinsa, ɗalibarsa ce ni.

Darasin da yake koyarwa shi ne wanda ɗalibai suke kira Difarenshiyal, na 'yan shekara ta biyu. Mai karatun injiniya, mai karatun kimiyya, mai karatun lissafi, duk sai sun bi ta cikinsa, shi ya sa ajin ba ya kasa mutum ɗari uku. In ba ka san shi ba, ga shi a taƙaice. Ba a gaya maka abu kai tsaye, sai a gaya maka yadda yake canzawa, kai kuma ka nemo shi. A ce maka ga tanki ana zuba masa ruwa ta sama yana zurarewa ta ƙasa, nawa zai rage bayan awa guda? Ko ga kofin shayi an ajiye a ɗaki, yaya zafinsa zai zama bayan minti goma? Ba wani tsafi a ciki. Amma ɗalibai tsoronsa suke kamar ciwon haƙori, malamai kuma gudunsa suke saboda yawan takardun da za a duba.

Sunan da ɗalibai suka laƙaba wa Malam shi ne Mayar-da-ita. Irin wannan lissafin yana da wani alheri guda: in ka samo amsa, kana iya ɗaukarta ka mayar da ita cikin tambayar, in ɓangarorin biyu suka zo daidai ka ci, in suka saɓa ka san akwai gyara. Ba ka bukatar kowa ya gaya maka. To Malam bai taɓa gama misali a allo ba tare da ya juyo ya ce, "Yauwa. Mayar da ita." Ɗalibi ya kawo masa amsa ofis yana washe baki, ko kallon takardar ba zai yi ba, sai ya ce, "Ka mayar da ita?" In yaro ya fara sosa ƙeya, sai ya nuna masa ƙofa. Ya ce a wurin mahaifinsa ya koya. Mahaifin nasa mai gyaran keke ne a bakin kasuwa, kuma ba ya miƙa wa mutum kekensa sai ya hau ya zagaya, ya kama birki sau biyu, ko da kuwa iska kawai ya sa wa tayar.

Bai taɓa shiga aji da takarda ba. Alli uku a cikin tsohon gidan tabarau, da tsumman goge allo nasa na kansa, shi ke nan kayan aikinsa. Komai a kansa yake. Yakan ce malamin da yake kwafe daga takarda zuwa allo, ɗalibai su kwafe daga allo zuwa takarda, to lissafin bai ratsa ta kan kowa ba, wucewa kawai ya yi.

A zamaninmu mu arba'in da 'yan kai ne a aji, kuma yana da wata ɗabi'a. Yakan dasa kuskure a allo da gangan, ya ci gaba da rubutu kamar ba komai, yana jiran ya ga wa zai farga. Wata rana na ɗaga hannu na ce, "Malam, layi na huɗu ba daidai ba ne." Ya juyo ya ɗaure fuska tamau. Ya ce, "Ni kike gaya wa?" Ni kuwa bakina ba ya jin magana tun ina ƙarama. Na ce, "Ka mayar da ita ka gani." Sai kawai ya fashe da dariya, ya miƙo mini alli ya ce in zo in gyara. Daga ranar ya sa mini suna Gardama, kuma har na yi aure na haihu na zama malama bai taɓa kirana da wani suna ba. In baƙo ya shigo ofis sai ya nuna ni ya ce, "Kun ga wannan? In tana cikin aji, ido rufe nake rubutu." Da aka fara tara masa mutum ɗari biyu, ɗari uku, lokaci kuma bai ƙaru ba, sai ya daina dasa kuskuren. Ya ce ba sarari, amma ya san masu kai suna nan a ciki, ko ba su yi magana ba.

Bai yi digirin digirgir ba. Sau biyu yana farawa yana ajiyewa, don mutumin da yake bin takardun mutum ɗari uku layi-layi da jan biro, yana rubuta wa kowa inda ya kauce, ina zai ga lokacin bincike? Yaran da ya koyar suka je suka dawo da manyan digiri, suka wuce shi a matsayi, suka samu ofis mai na'urar sanyi. Shugaban sashenmu na yanzu ma ɗalibinsa ne. Ni abin yana ƙona mini rai, in yi ta masifa, shi kuwa ko a jikinsa. Sai ya ce, "Gardama, ki bar su da kujerunsu, ni a bar ni da allona."

Abin ya fara ne da ƙananan abubuwa. Ya tambaye ni lokacin taro, in faɗa masa, can an jima ya sake tambaya. Ya nemi makullinsa yana hannunsa. Na ɗauka gajiya ce da shekaru, har tsokanarsa nake ina cewa tsufa ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Sai wata Talata. Darasinsa na awa biyu ne, amma minti ashirin da fitarsa sai ga shi ya dawo. Ya zauna, hannunsa fari fat da alli, bai ko kakkaɓe ba. Ya ce, "Gardama, in ka ware su, na x gefe guda, na y gefe guda, sai me ake yi?" Wannan fa shi ne darasin mako na biyu, abin da ya koya mini ina 'yar shekara goma sha tara. Na yi dariya na ce, "Haba Malam, yau kuma ni za a yi wa jarrabawa?" Na ɗago kai na ga fuskarsa. Wallahi ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idon babban mutum ba. Nan take na daina dariyar.

Matarsa, wadda duk muke kira Mama, ita ta gaya mini sauran. Ashe wata huɗu ke nan da suka ga likita. Ciwon mantuwa ne, irin wanda ba ya komawa baya, magani sai dai ya rage masa gudu. Ta ce ta roƙe shi ya ajiye aiki, 'ya'yansa uku sun roƙe shi, ya ƙi. Ta ce, "Ke yake jin maganarki, ki yi masa magana." Na yi. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Saura mako bakwai zango ya ƙare. Ina so in kai ajin nan ƙarshe da ƙafata, in rubuta musu jarrabawa, sannan in tafi. Ba na so a zo a karɓe alli a hannuna a gaban yara. Shi ke nan abin da nake roƙo." Abin da ya rage masa ke nan a duniyar aiki, mako bakwai, kuma mu duka mun san in shugaban sashe ya gane, ranar za a cire shi.

To sai muka ƙulla. Kafin kowane darasi zan rubuta masa matakan misalan a ɗan kati, ya sa a aljihun gaba. Ni kuma in shiga in zauna a bencin ƙarshe. In ya tsaya cak, sai in ɗaga hannu in yi tambayar da hanyar take cikinta. Ɗalibai suka ɗauka ana shirya ni ne in gaje shi, ba wanda ya damu. Ranar da na miƙa masa katin farko ya daɗe yana jujjuya shi. Wannan mutumin fa shi ne ya sha zaro takarda daga safar ɗalibai a ɗakin jarrabawa. Ya ce, "Yau ga Mayar-da-ita da satar amsa a aljihu." Ya yi murmushi, ni kuma na fita waje na yi kuka a bayan ɗakin ajiya.

Mako biyar muka yi a haka. Sau huɗu na ɗaga hannu. Sau ɗaya ya zaro katin a fili, ya yi kamar yana duba sunan wani. Yawancin ranaku kuwa lafiya lau, har in manta dalilin zamana a wurin, in zauna ina jin daɗin darasi kamar da. Na fara sa rai za mu kai.

Ban san wanda ya kai maganar ba, kuma gara da ban sani ba, don da na ci masa mutunci. Shugaban sashe ya leƙo ofis ranar Laraba, yana ta murza hannu yana ranka ya daɗe, ya ce ya yi kewar ajin Malam, gobe zai shigo ya zauna a baya ya tuna ƙuruciya. Ƙuruciyar me! Mutumin da ko gaisuwa sai ya ga dama. Kowa ya san abin da ya kawo shi.

Darasin Alhamis ɗin na shayi ne. Na rubuta kati kamar kullum. Da za mu fita ƙarfe goma saura, sai Malam ya zaro shi daga aljihu ya ajiye a tebur, ya danne da kofin birona. Na ce, "Malam, don Allah." Ya ce, "A gaban ɗalibina zan zaro kati? Shayin nan sau ashirin da bakwai ina dafa shi. Kuma ai kina nan."

Ɗakin darasin irin mai hawa-hawan nan ne, benci bisa benci, allo uku a jere. Na zauna a wurina, shugaban sashe ya zo ya zauna kusa da ni, ya ajiye wayarsa a cinya. Malam kuwa ranar kamar an mayar masa da shekara ashirin. Murya tar, rubutu a miƙe. Ya zana kofi har da tururi, aji ya yi dariya. Ya ce zafin shayin casa'in, zafin ɗakin talatin, ku gaya mini inda zai kai bayan minti goma. Ya shiga aiki, layi na bin layi, ni ina bin sa a zuci ina cewa Allah ka raba mu da ranar nan lafiya.

A layi na biyar ya yar da alamar ɗebewa. 'Yar ƙaramar sanda ce kwance, ba ta kai tsawon farce ba, amma ita ce take cewa zafin raguwa yake yi. In babu ita, ƙaruwa yake. Na gani a take. Ya ci gaba, layi na shida, na bakwai, duk tsaf bisa kuskuren. Ya kai ƙarshe ya rubuta ɗari da casa'in da uku, ya ja masa layi biyu a ƙasa. Shayin da aka ajiye a tebur, ba wuta ba komai, wai bayan minti goma ya fi tafasasshen ruwa zafi kusan ninki biyu.

Na ce a raina ba komai, yanzu zai juyo ya ce a mayar da ita, ya kama abinsa da kansa, har ma a ɗauka da gangan ya yi. Saura minti biyar, za su isa a gyara. Ya juyo. Ya dubi aji, ya dubi agogo, ya ce, "Akwai tambaya?" Kalmar da aka san shi da ita shekara ashirin da bakwai, ranar ba ta zo masa ba.

Hannuna ya tashi har kafaɗa. Na saci kallon shugaban sashe, kansa a sunkuye yana latsa waya. In na yi magana zai ɗago, ya dubi allo, ya ga ɗari da casa'in da uku, kuma duk lalacewarsa ya san shayi. Na dubi ɗaliban. Kawuna ɗari uku a duƙe, biro na gudu, kowa na kwafa. Na roƙi Allah ya sa ko mutum ɗaya ya ɗago ya ce, Malam, anya? Ko ɗaya. Sai na kai hannun nan na gyara mayafina, na mayar da shi cinya.

A bakin ƙofa shugaban sashe ya kama hannun Malam da hannu biyu ya ce, "Kai, Malam, kana nan yadda na san ka! Mutane dai ba su da aiki sai surutu." Malam ya dawo ofis yana tafiya kamar saurayi. Ya aika aka sayo mana lemo mai sanyi, ya ɗaga katin nan ya ce, "Kin gani? Tsohon bai mutu ba tukuna." Na buɗe baki in faɗa masa, na ga yadda yake dariya, na ce bari sai gobe. Juma'a ya tafi asibiti. Na ce Litinin da safe, in gaya masa a hankali, ya gyara ranar Talata, ba wanda zai sani.

Litinin ina da aji ƙarfe takwas zuwa goma. Da na dawo, sai da na tura ƙofar da ƙarfi, don littattafai ne a bayanta. Littattafan ɗalibai ne, a kan teburinsa, a kan nawa, a ƙasa, duk a buɗe. Ashe tun da ciwon ya kama shi yakan ari littafin wani ɗalibi ya duba inda ya tsaya, ni ban sani ba. Ya ara da safen, ya ga lambar. Ya ɗauka yaron ne ya yi shirme, ya ari na biyu, ya ari na uku. Daga nan ya bi su har ɗakin da suke wani darasin, ya ce kowa ya miƙo littafinsa.

Yana zaune a tsakiyarsu, tabarau a hannu. Bai amsa sallamata ba. Ya ce, "Ɗari biyu da goma sha ɗaya na duba. Duk ɗari da casa'in da uku. Ga wata nan har ta zagaye shi da jan biro, ta yi masa tauraro."

Na ce, "Malam, kuskure ne, kowa yana yi."

Ya ce, "Ba kuskuren ne ya dame ni ba. Kaina ya lalace, likita ya gaya mini, na yarda. Amma Gardama, mutum ɗari uku. Akwai wanda bai taɓa shan shayi ba a cikinsu? Akwai wanda bai taɓa barin kofi ya dawo ya tarar ya huce ba? Ba lissafi ake bukata ba a nan, baki kawai ake bukata da harshe." Ya rufe littafin da ke gabansa. "Na daɗe ina gaya wa kaina suna nan a ciki, masu bi na, kunya ce kawai take hana su magana."

Sannan ya sa tabaransa ya dube ni. Ya ce, "Ke kina wurin. Kin gani?"

Na sha juya wannan lokacin a raina har na gaji. In na ce na gani, to na zauna ina kallo yara ɗari uku suka kwashi ƙarya suka tafi da ita gida, kwana huɗu ban ce uffan ba. Na san abin da yake kiran malamin da ya yi haka, na sha ji a bakinsa. Kuma zai gane tausayinsa na ji, shi da ya tsani a tausaya masa. Sai wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka alheri ce: in nuna masa kuskuren ɓoyayye ne, kowa zai iya wucewa bai lura ba, don ya ji sanyi. Ƙarya nake wa kaina. Tsoro ne kawai, tsoron yadda zai kalle ni.

Na ce, "Ban gani ba, Malam. Ni ma na bi shi layi-layi, daidai na gan shi."

Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Fuskarsa ce kawai ta saki, kamar an zare mata wani abu daga ciki.

Ya ce, "Har ke."

Na ce, "Malam…"

Ya ce, "A'a, ba laifinki ba ne. Ashe ni kaɗai nake ta magana a ɗakin nan duk shekarun nan." Ya tashi ya fara tattara littattafan, yana jera su goma-goma. Kalma uku kawai ake bukata in gyara, na gani Malam, amma kowane minti da ya wuce sai suka ƙara nauyi, har ya gama jerawa ya ce in taimaka masa mu mayar wa yara kayansu.

Ranar Talata ya shiga aji da katin a hannu, a fili, bai ɓoye ba. Ya sake rubuta misalin, ya nuna inda alamar ta faɗi, ya fitar da hamsin da biyu, ya mayar da ita cikin tambayar ta zauna daidai. Ya ce, "Na koya muku ƙarya ranar Alhamis. Ku yafe mini." Na zuba ido in ga ko wani zai ji kunya, ko ya yi dariya, ko ya yi tsaki, ko me. Suka ja layi a kan tsohuwar lambar, suka rubuta sabuwar, da fuskar da suka rubuta ta farko. Sai wani dogo a tsakiya ya ɗaga hannu. Na ga Malam ya ɗan miƙe, idonsa ya yi haske. Yaron ya ce, "Malam, to wanne ne zai fito a jarrabawa, na farkon ko wannan?"

Malam ya dube shi. Ya ce, "Wannan." Ya ajiye allin a bakin allo, ya sauko, ya bi ta tsakiyar benci har inda nake, ya ce, "Ki ƙarasa musu." Saura darasi uku zango ya ƙare. Babu wanda ya karɓe alli a hannunsa, shugaban sashe ma har gida ya bi shi yana roƙo ya dawo, don ba mai son ajin. Bai sake taka ɗakin ba.

Ni nake koyar da Difarenshiyal yanzu. Bana su ɗari uku da sittin ne. Ina yi musu masifa, ina buga tebur, suna rubutawa.

Na yi niyyar gaya masa gaskiya tun a makon. Na je gidan na tarar da baƙi. Na koma na tarar yana barci. Wata rana na same shi shi kaɗai a tsakar gida yana jin rediyo, ya yi murna da ganina, muka yi hira, na ce kar in ɓata masa rana. Haka na yi ta yi, yau da dalili gobe da dalili, sannan na fara jin nauyin zuwan ma gaba ɗaya, sai in kira Mama a waya in tambayi jiki. Shekara ɗaya da wata uku na ɗauka kafin in yi ta maza.

Da la'asar na je. Mama ta rungume ni ta ce na guje su. Ta ce, "Shiga, yana falo, amma ki yi haƙuri da abin da za ki gani." Yana zaune a kujera kusa da taga, an yi masa aski, riga fes, hannuwansa a kan gwiwa. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a.

Ban tsaya kewaye-kewaye ba, don na san in na tsaya ba zan faɗa ba. Na ce, "Malam, ranar shayin nan, na gani. Tun a layi na biyar na gani, kana yar da alamar na gani. Shugaban sashe ne a kusa da ni, na ji tsoro a cire ka, na yi shiru. Da ka tambaye ni kuma na yi maka ƙarya. Ba kai kaɗai kake magana ba, Malam. Ina jin ka. Duk abin da ka koya mini yana nan, ko ɗaya bai zube ba." Ina faɗa ina kuka, majina da hawaye, ko kunyar Mama ban ji ba.

Ya saurare ni har ƙarshe, yana gyaɗa kai a hankali, yadda ake yi wa mutumin da ya zo da damuwarsa. Da na yi shiru ya ce, "To, madalla. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya yaye miki."

Sai ya juya wajen Mama, ya rage murya don kar in ji, ya ce, "Baiwar Allahn nan daga ina take? An kawo mata ruwa kuwa?"

Mama ta ce an kawo. Na ɗauki kofin na shanye, na yi musu sallama.